Hawaja Kolom da Rigar Ƙauyensu

Bana shekara goma ke nan da rasuwar Hawaja Kolom, tsohon da na yi wa girki da jinya a unguwar Mohandessin ta Alƙahira. Hawaja kuwa, haka ake kiran Bature a Masar. Ranar da nake son in ba ku labarinta mu shida ne a falon gidansa. Akwai shi kansa a kujerarsa ta bakin taga, da bargo a kan gwiwa. Akwai 'yarsa Nora, da ƙaninsa Fintan, sun sauka tare daga ƙasarsu Ayalan. Akwai Amm Sabri mai gadin benen, wanda ya hawo da jaka ya ƙi sauka. Akwai Hajja Batul mai sayar da goro, maƙwabciyata a unguwar Arba wa Nus, wadda ba wanda ya gayyace ta. Sai ni Kaltume, ina tsaye a ƙofar kicin. A cikinmu uku sun riga mu gidan gaskiya. Ni ban taɓa zama a aji ba. Jikata Rukayya ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

A Gadarif aka haife ni. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka taso da niyyar Makka a ƙafa, Sudan ta riƙe su. Da maigidana ya rasu na biyo 'yata zuwa Alƙahira, na shiga aikin gidaje kamar sauran matan unguwarmu. Gidan Hawaja Kolom na samu ne saboda yana neman wadda ta iya miyar kuɓewa da asida, tuwonmu na Sudan. Ya yi shekaru a yankin Jazira na Sudan yana gyaran injinan ban ruwa kafin ya dawo Masar, Larabcin Sudan ne a bakinsa, ko da yake yana ɗingishi kamar mai shi. Da shi muke magana. Matarsa ta rasu tun kafin in san shi.

Ni mai kallon hannu ce. Fuska tana iya yin ƙarya, hannu bai iya ba. Ranar farko da na miƙa masa shayi na ga yatsunsa ba guda ɗaya da ke tsaye, kowanne ya kama gabansa kamar saiwar citta. Haƙoran gabansa na sawa ne, da dare a kofi suke kwana. Ga tabo ya raba masa girar hagu biyu. Na ce a raina, wannan ko dai tsohon soja ne ko tsohon ɗan dambe, Allah ya sa ba mashayin da ke faɗa a titi ba ne. A bayan ƙofar ɗakinsa kuma akwai wata sanda, tsawonta ya kai ƙugu, bakinta da faɗi ya ɗan lanƙwasa, an ɗaure shi da siririn ƙarfe. Na ɗauka muciya ce ta Turawa. Ya ce kome na gidan in taɓa, ban da ita.

Sai a kwanakin juyin juya halin nan na dandalin Tahrir na san ko mece ce. Kun tuna lokacin da 'yan sanda suka ɓace daga tituna, mazan kowace unguwa suka fito suna gadin layinsu da abin da suka samu. Bayan la'asar Amm Sabri ya hawo yana haki.

"Ya Hawaja, ara mana gorar nan taka. Da ita zan fasa kan duk ɓarawon da ya shigo layin nan."

"Ɗauki ƙafar tebur, ya Sabri. Ɗauki tukunyar Hajja Kaltume. Wannan ba a dukan mutum da ita."

Na ce, "To in ba a dukan mutum da ita, me ya karya maka yatsu?"

Ya dube ni ya yi dariya har haƙoran suka motsa. "Ƙwallo ake nufi, ya Hajja. Mutum ne ke kawo kansa hanya."

Dokar hana fita ta tsare ni a gidan na wasu kwanaki, ba motar da za ta kai ni Arba wa Nus. A nan ya ba ni labarin wasan, ina tsince shinkafa yana magana. Wani irin ƙwallon gora ne na ƙasarsu, suna ce masa harlin. Mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, kowa da sandarsa. Ƙwallon ƙarami ne, na fata, bai fi lemo ba, amma in an doke shi ya fi jifan majaujawa gudu. Ana cafe shi da hannu a sama yayin da sanduna ke kaɗawa ta kowane gefe, shi ya sa yatsu. In ka harba ya bi ta saman raga maki ɗaya ne, in ya shiga cikin raga uku. Ba a biyan kowa ko sisi. Manomi ne, malamin makaranta ne, mai gyaran famfo ne, ranar Lahadi su zubar da jini a fili, ranar Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. Na ce masa to wannan ai wahalar banza ce. Ya ce haka mahaifiyarsa ma take cewa, amma ita ce ke fara isa bakin fili.

Babban abin da ya ce in riƙe shi ne: mutum ƙauyen da aka haife shi yake yi wa wasa. Ba zaɓi a ciki, kamar yadda ba ka zaɓar uwa. In ka yi fice, sai dattawan lardi su ɗauke ka cikin ƙungiyar lardin gaba ɗaya, ka kara da sauran larduna. Amma ko ka zama tauraro a can, ka dawo ka sa rigar ƙauyenku.

Ubansu ne ya sassaƙa masa sandarsa ta farko tun bai fi tebur tsawo ba. Shi da Fintan a jikin bangon garken shanu suka koya, shi yana harbi, Fintan yana tarewa. Haka suka girma, haka suka shiga ƙungiyar ƙauyen, Kolom a gaba yana cin ƙwallo, Fintan a raga. Ƙauyen ƙarami ne, in an kirga mazan da ke iya gudu da ƙyar suke cika adadi. Tunda aka kafa shi bai taɓa ɗaukar kofin lardi ba. Da 'yan'uwan nan biyu suka taso, tsofaffi suka fara cewa wataƙila za su gani kafin su mutu.

Sai wata ƙungiya ta birni, masu jar riga, suka yi masa tayi. Suka samar masa aiki a ma'aikatar ruwa da ɗaki a birni, suka ce dattawan lardi ba sa zuwa kallon wasa a ƙauyen da ba kwalta. Yaro ne, gonar ubansu ba za ta ɗauki 'ya'ya biyu ba. Ya karɓa. Gaskiyarsu ce kuwa, kafin shekara ta zagayo an kira shi ƙungiyar lardi. Ya yi musu wasa shekaru masu yawa, har ya taka babban filin ƙasar a gaban jama'ar da ya ce ihunsu a ƙirji ake jinsa ba a kunne ba. Can ya bar haƙoransa. Bai ɗauko kofin ƙasa ba, sau ɗaya suka kusa, aka doke su. Wannan yana ba da labarinsa yana dariya.

Wanda ba ya dariya a kansa shi ne na shekarar da ƙauyensu, ba tare da shi ba, ya yi ta fafutuka har ya kai wasan ƙarshe na kofin lardi. Wa za su kara da shi? Masu jar riga. Ƙauyen yana gaba da maki biyu, lokaci ya kusa cika, mata sun fara kuka don murna. Ƙwallo ya faɗo daga sama, Kolom ya cafe, ya juya, ba kowa a gabansa sai ƙaninsa. Ya ce mini, "Tun muna yara na san hagunsa ba ta da ƙarfi. Ni kaɗai na sani a filin nan. Hannuna bai tambaye ni ba." Ya zura shi ta hagu. Ubansu ya sa hularsa ya fita daga filin bai waiwaya ba. Daga baya gwiwa ta ci amanar Kolom, ya bar wasa, ya nemi aikin da ya fi kowane nisa, ya samu Sudan. Labarin mutuwar ubansa ma a Jazira ya iske shi, bayan an binne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na ji labarin na ajiye. Ba aikina ba ne shiga tsakanin Turawa. Sai shekarar da wuta ta riƙa ɗaukewa kullum da zafi, likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Ran nan ya ture asidar gefe ya ce, "Ya Hajja, kin san abin da ake yi wa ɗan wasa in ya mutu a wurinmu?" Ya ce ana shimfiɗa rigar ƙauyensa a kan akwatin. Mazan ƙungiya, tsoho da yaro, su jeru layi biyu daga ƙofar coci zuwa maƙabarta, kowa ya ɗaga sandarsa sama, a wuce da gawa ta tsakiya. "Kabari kusa da mahaifiyata ba mai hana ni. Amma akwatina tsirara zai wuce, hanya fayau, Nora ita kaɗai a baya. Kowa zai leƙo ta taga ya san dalili."

Na ce, "Ga waya nan. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Ka kira shi."

"Ya san inda nake."

"Kai ma ka san inda yake."

"Khalas, ya isa, ya Hajja. Kawo shayi."

Na kawo shayi. Amma tsohon da ya ƙi cin asidata sau uku a jere ba zan zuba masa ido ba. A wurinmu in babba ya yi wa ɗan'uwansa laifi, kunya ta hana shi buɗe baki, ba a tilasta masa. Goro ake aikawa, goro ya yi magana. Na je wurin Hajja Batul, wadda ɗaliban Najeriya na unguwar Madinat Nasr ke kawo wa kaya in sun dawo hutu. Na ce ta zaɓo mini daushe rabin ƙwarya, fari da ja, kada in ga mai tsutsa ko ɗaya. Muka naɗe a jiƙaƙƙen algarara. Da Nora ta zo duba ubanta za ta koma, na ja ta kicin na danƙa mata.

"Ki kai wa baffanki hannu da hannu. Ki ce daga yayansa."

"Mene ne wannan, Hajja?"

"Ki kai dai. Zai gane."

Ban nemi izinin Hawaja ba, ban kuma yi nadama ba. Abin da ban sani ba shi ne akwai ƙasa a duniyar Allah da namiji zai yi furfura bai taɓa ganin goro ba. Wallahi ban kawo haka a raina ba.

Wata rana da hantsi wayar gidan ta yi ƙara. Hawaja ya ɗauka, na ga fuskarsa ta yi fari, sannan ta yi ja. Wani yana ta ihu a ciki, ina ji daga kicin. Ya rufe bakin wayar da tafinsa.

"Ya Hajja! Me kika aika wa ƙanina da sunana? Ya ce shekara arba'in bai ji ɗuriyata ba, sai ga guba a cikin buhu. Matarsa ta dafa, ya ƙi nuna. Sun ba kaji, kaji sun ƙi."

Na ce, "Kaji? Daushen Hajja Batul?"

Na goge hannuna na zo na tsaya a kansa. Na ce ya gaya wa ƙaninsa kalma da kalma: a wurinmu wanda ya aiko maka da goro cewa yake, na yi laifi, bakina ya yi nauyi, ka duba zumunci. Hawaja ya dube ni kamar zai kore ni daga aiki. Ni ma na dube shi. Ya cire tafinsa ya faɗa da Turanci, a hankali, idonsa a ƙasa. Ya saurari amsar ƙaninsa. Sannan ya ɗago.

"Yana tambaya, wanda aka aika wa, me yake yi?"

"In ya ci, magana ta ƙare."

"Ya ce ya tauna rabin ɗaya kafin ya tofar."

"Rabi ma ci ne."

Da sanyi ya shigo, Fintan ya zo. Gajere ne, mai kaurin wuya, manomin da bai taɓa hawa jirgi ba sai a kan wannan tafiya. Mun dawo ke nan ranar da na fara da ita. Bai rungumi yayansa ba, bai miƙa hannu ba. Ya tsaya a tsakiyar falo da wata leda a hammata yana kallonsa. Nora ta matso kusa da ni tana juya mini maganarsu.

"Ka tsufa," in ji Fintan.

"Kai kuma ka shigo ka bar hagunka a buɗe."

"Ka wuce takun da doka ta yarda kafin ka harba. Kowa ya gani, ban da alƙali."

"Alƙalin ɗan'uwan matarka ne!"

"Lokacin ban aure ta ba!"

Hajja Batul ta taɓo ni. "Kaltume, wannan sulhu ne ko dambe? In faɗa za su yi, a dawo mini da gorona." Amm Sabri ya ɗaga hannu yana cewa a yi salati ga Annabi, ba wanda ya kula shi. Ni kuwa hankalina yana wani wuri. Hannun Fintan nake kallo, yatsunsa irin na yayansa ne sak, sun damƙe ledar.

Da suka gaji ya zauna ya buɗe ta. Riga ce kore mai farin ɗamara a ƙirji, tsohuwa, asu ya ci kafaɗarta. Ita ce wadda Kolom ya bari a rataye ranar da ya tafi birni, mahaifiyarsu ta ɓoye a ƙasan akwatinta. Fintan ya ce, "Na kai maganarka gaban tsofaffin ƙungiya. An yi musu, mutum biyu sun tashi sun fita. Ba wanda ya yafe maka ƙwallon nan, ni ma ban yafe ba. Amma an ce a can aka haife ka, ba ka da wani wurin zuwa." Hawaja ya miƙa karkatattun yatsunsa ya karɓa, ya kifa fuskarsa a ciki. Hajja Batul da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci ta ja mayafi ta rufe ido. Can Fintan ya zare rigar a hankali, ya ninke, ya mayar cikin leda. "Ba a Masar za ta zauna ba. Ka zo ka same ta, a tsaye ko a kwance."

A kwance ya je, kafin zafi ya dawo. Da Nora ta zo kwashe kayan gidan ta nuna mini hoto a wayarta. Ruwan sama ake yi. Ga akwati da koriyar riga a kai, ga maza layi biyu har inda hoton ya ƙare, wasu da sandar dogarawa a hannu ɗaya, ta wasa a ɗaya hannun. Ta nuna mini wasu tsofaffi biyu a can ƙarshe, ta ce su ne waɗanda suka fita daga taron. Sun zo, sun tsaya a layi, amma sun ƙi ɗaga sanda. Na ce ba laifi, mutum ya tsaya a kan maganarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba dole ne ka sa masa lalle ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tun yana raye yake tsaki in ya ga 'yan wasan yanzu da hular kwano, yana cewa ba ka gane ɗan wa ke gudu. Da ya ga jikokina maza suna faɗa a kan ƙungiyoyin garuruwan da ba su taɓa gani ba, suna murna an sayar da ɗan wasa kamar ragon layya, ina jin zai tambaye su sunan ƙauyen kakarsu, kuma ina tsoron amsar. Da ya ga yadda yaƙi ya kwaso mutanenmu daga Sudan ya zube su a Arba wa Nus, iyali uku a ɗaki ɗaya, kowa yana cewa baɗi zai koma, ina jin ba zai ce kome ba. Ya san wannan baɗin. Shi nasa ya kai shi shekara arba'in.

Ba addinina yake bi ba, hisabinsa yana wurin wanda ya halicce shi, ban da bakin magana a nan. Abin da na shaida shi ne bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan goro, da azumi kuma ba ya cin abinci a gabana. Kofunan da ya ci da masu jar riga ban san inda suke ba, ko Nora ba ta tambaya ba. Ihun babban fili ya wuce tare da masu yinsa. Abin da ya rage shi ne a wani ƙauye mai ruwan sama har yau ana jin haushinsa, ana nuna wa yara kabarinsa ana cewa ga wanda ya ci mu, namu ne. Wanda gida ke fushi da shi bai ɓata ba. Wanda ya ɓata shi ne wanda in an ambaci sunansa sai a ce wane ne.

Washegarin ranar da Fintan ya zo, ban je aiki ba. Tunda na kama aikin gidan ban taɓa fashi ba sai da dalilin ciwo. Na yi sallar asuba, na jiƙa wankina, na zauna a ƙofar ɗaki ina ta cuɗawa. Rana ta ɗaga sai ga wayar Nora.

"Hajja, lafiya? Baba bai karya ba. Baffa ya shiga kicin ɗinki, ya ƙona ƙwai, hayaƙi ya cika gidan, suna ta zagin juna."

Na ce, "Yana da ɗan'uwa. Ya dafa masa."

Na kashe wayar, na ci gaba da wankina.